Irin Shinkafar Da Bai Tsiro Ba

Shekarar da ruwa ya karya jinga ya shiga unguwar gangare, aminiyata ta kawo mini ajiya. Tun ina amarya na san ta. Katanga ɗaya ce ta raba mu a gidan hayar da muka fara zama a Haɗeja, lokacin da gyaran injin ban ruwa ya kawo maigidana garin daga ƙauyenmu na ƙasar Malumfashi. Da na haifi tagwaye ita ta yi mini wankan jego, don uwata tana nesa. Ta girme ni, ina ce mata Yaya, ita kuma tana kirana Maman biyu. Ita Musulma ce, ni Kirista. Daga baya mijinta ya gina gida a gangare kusa da gonarsa, mu kuma muka sami ɗan fili a kan tudu, amma ƙafa ba ta ɗauke ba.

Kafin ambaliyar maigidana ya riga ya rasu. Tagwayen sun girma, macen tana aure a Kano, namijin yana bin wata babbar mota, sai dai in ji muryarsa a waya. Ni kaɗai ce a gidan, ni da durona da tampol. Sana'ata turara shinkafa. Manoma da matan unguwa su kawo shanshera, wato shinkafa da ɓawonta, in wanke in jiƙa ta kwana, in tsame in zuba a duro da ɗan ruwa a ƙasa, in rufe da buhu, in hura wuta da ɓuntu har ɓawon ya fara buɗe baki. Sai shanya, sai juyi da ƙafa a rana, sannan mai ita ya kai inji. Ba mai tsayawa a kaina. A sauke buhu a ƙofa a ce na gidan wane ne, a tafi. Yarda ce ke riƙe da aikin nan, don shinkafa tana raguwa a wanki, tana raguwa a shanya, kuma ba wanda ya san iyakar abin da ya kamata ta ragu sai mai aikin.

Akwai kuma abin da kowa a fadamar nan ya sani: shinkafar da ta sha tururi ta mutu. Ko shekara za ta yi a laka ba za ta tsiro ba.

Ranar da suka zo ana yayyafi. Malam, mijin Yaya, shi ya turo kura da kansa, wandonsa a naɗe zuwa gwiwa, da buhu biyu a ciki an lulluɓe su da leda.

"Maman biyu, ga amana," in ji shi. "Iri ne. Da hannuna na zaɓe shi, zangarniya zangarniya. Shi na fara ɗauka da ruwa ya shigo."

Yaya tana bayansa da tukwane a ka. Ta ce, "Kin ji ko? Irinsa ya fara ɗauka. Ni da na haifa masa bakwai sai da na biyo kura a ƙafa."

"Ke ai kin iya iyo," ya ce.

Muka yi dariya duk da halin da ake ciki. Na buɗe ɗakin maigidana, wanda ban cika shiga ba tun rasuwarsa, aka ɗora buhunan a kan gadonsa na ƙarfe don kada sanyin ƙasa ya taɓa su. Na kulle. Su kuma suka koma gidan ƙanin Malam a cikin gari, har ruwa ya janye suka tayar da katangarsu. Da lokacin noman rani ya yi, ƙanin nan ya zo da a-daidaita ya ɗauki buhunan. Ko ruwa bai sha ba, yana sauri.

Ba a daɗe ba Yaya ta zo. Na shimfiɗa mata tabarma, ba ta zauna ba, ta ɗosana a bakin turmi da mayafinta a jiki.

"Irin bai fito ba," ta ce.

"Wane iri?"

"Na Malam. Na wurinki."

"Ko kaɗan?"

"Tsilli-tsilli. Na maƙwabcin gonarsa da aka yafa rana ɗaya ya yi kore shar. Ƙanin Malam ya ce turararriya ce aka yafa."

Na ɗauka ban ji daidai ba. Na ce mata ɗakin a kulle yake, makullin yana ɗaure a bakin zanena, ko ni ban buɗe buhun ba.

"Na sani. Amma gidanki buhuna ne ko'ina, Maman biyu. Buhu yana haɗuwa da buhu. Ki ce kuskure ne. Kuskure ai ba sata ba ne, Malam zai ce ya wuce."

"Wa ya yi maganar sata?"

Ta juya kai tana kallon durona. "Mutane ne. Suna cewa bana kowa iri yake nema, ruwa ya ci na kowa."

A nan na gane maganar. Cewa ake na sayar da irin Malam, na cika masa buhu da shinkafar aikina. Na ce a kawo ragowar, ko tafin hannu ɗaya ne. Abu ne mai sauƙi: in ka ɓare ƙwaya ka ciza, turararriya cikinta ja-ja yake, ɗanya kuwa fara ce kamar alli. Ta ce babu ragowa. Duka aka jiƙa, duka aka yafa, abin da bai ruɓe a laka ba tsuntsu ya tsince.

Aka kira ni zauren mai unguwa. Malam yana nan, ƙaninsa yana nan, da wasu dattawa. Na durƙusa daga bakin ƙofa na gaishe su. Malam ya yi asara, ban musa ba. Lokacin renon irin shinkafa ya wuce shi, sai roƙon dashe ya yi a gonakin mutane, kowa ya ba shi irin da ya samu.

Mai unguwa mutum ne mai sanyin magana. Ya ce, "Baiwar Allah, mun san mijinki, mun san ki. Ba mu da shaida, ke ma ba ki da shaida. In abu ya kai haka, rantsuwa ce ke raba gardama. Ba za mu ce ki taɓa namu littafin ba. Ki ɗauko naku, ki ɗora hannu, ki ce ba ki canja ba, ba ki sayar ba. Daga nan duk wanda ya sake tayar da maganar, da ni yake."

Adalci ya yi mini, na san haka. Hanyar da suka gada ke nan, kuma ya buɗe mini ita.

Sai dai ni ban iya karatu ba sai da na girma. Tagwaye suna makarantar sakandare na shiga ajin yaƙi da jahilci a rumfar majami'armu, ina bin baƙi da yatsa, yara suna leƙe suna dariya. Abin da na ji a wa'azi shekara da shekaru yakan shiga ya fita, amma abin da na haɗa da yatsana, harafi bayan harafi, ya zauna mini daram. Cikin wuraren da na fara karantawa ni kaɗai a Maganar Allah akwai inda Ubangijinmu ya hana rantsuwa, ya nuna cewa bakin mutum shi kaɗai ya kamata ya isa. A ranar na yi masa alkawari ba zan ƙara rantsuwa ba. Ko wallahin nan da ke bakin kowa a kasuwa, Kirista da Musulmi, na yi fama har na cire shi daga bakina.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ban canja ba, ban sayar ba, ban buɗe buhun ba. Amma ba zan rantse ba."

"Saboda me?"

"An hana mu."

Ƙanin Malam ya yi dariya. "Wa ya hana ku? A kotu ba mutanenku nake gani suna ɗaga littafi ba?"

Gaskiya ya faɗa. Na ce ni dai abin da na karanta ke nan. Zauren ya yi shiru. Wani dattijo ya yi gyaran murya ya duba ƙasa. Na san abin da shirun yake nufi, don ni ma a garin nan na tsufa: mai gaskiya ba ya tsoron rantsuwa, haka kowa ya ɗauka.

Malam ne ya yi magana, bai dube ni ba. "Ranka ya daɗe, a bar maganar. Mijinta ya sha gyara mini inji a tsakiyar rana, wani lokacin ko godiya ba ya tsayawa ya karɓa. Na yafe mata. Duniya da lahira na yafe."

Dattawa suka ce Allah ya saka da alheri, aka shafa addu'a, aka miƙe. Ina durƙushe ina son in tambaya, me aka yafe mini? Sai ni ma na miƙe. Da zagina ya yi da na sami abin riƙewa. Na fito da yafiyar laifin da ban yi ba, na taka har gida, kuma ban taɓa ɗaukar kaya mai nauyinta ba.

Na yi zaton a majami'a zan sauke. Ranar Lahadi bayan sujada na sami fasto na ba shi labari. Ya saurare ni har ƙarshe. Ya ce, "Mama, wurin nan da kika karanta, rantsuwar banza yake nufi, irin ta kasuwa. Rantsuwa a kan gaskiya a gaban shugaba ba zunubi ba ce. Ki koma ki yi, hankalinki ya kwanta." A hankali ya faɗa, kuma ya fi ni karatu nesa ba kusa ba. Har yau ban ce ya yi kuskure ba.

Shugabar zumuntar mata ita ba ta bi a hankali ba. Ta ja ni bayan rumfa. "Mama, mu nawa ne a garin nan? Kin sa ana cewa matan majami'a ba a ba su ajiya. In ba za ki rantse ba, ki ce kuskure ne mana. Kalma ɗaya ce. Ko ke kaɗai ce mai tsoron Allah a cikinmu?"

Na ce mata a'a, ba ni kaɗai ba ce. Na koma gida na buɗe wurin na sake bi da yatsa, ko zan ga abin da fasto ya gani. Kalmomin suna nan yadda na bar su. Ƙila iyakar fahimtata ke nan. Amma alkawarin da na yi, da wannan fahimtar na yi shi, kuma ban ga yadda zan warware shi a ranar da ya fara yi mini tsada ba. Kuskuren ma da ake so in ce na yi, ban yi ba. In na faɗa, na sayi zaman lafiya da ƙarya, kuma duk ranar da na haɗu da Yaya ƙaryar ce za ta riƙa gaishe ta.

Ba wanda ya zage ni. Da ma mutanen garin nan ba su cika zagi ba. Buhuna ne suka daina zuwa. Gidajen da ke kawo mini duk kaka suka koma wurin wata a bayan inji. A famfo in na yi sallama a amsa, a tambayi gajiya, sai hirar ta tsaya har in cika bokiti in tafi. A majami'a benci ɗaya muke zama da matan, muna waƙa ɗaya, amma da aka tashi zaɓen mai ajiye hatsin bikin godiya, aikin da na daɗe ina yi, sai aka ce a hutar da ni, na tsufa. Durona ɗaya ya yi tsatsa har ya huje. Na koma sayen shanshera kaɗan-kaɗan a hannun baƙin da ke zuwa daga Auyo, in turara in kai inji in sayar a kwano. Ban kwana da yunwa ba, amma sai in wuni ban yi magana da kowa ba, in ban da kaji.

A lokacin na fara shiga ɗakin maigidana da hantsi ina zama a bakin gadon. Na bi rufin da ido ko akwai yoyo, babu. Na taɓa bangon da ke kusa da murhuna ko zafi yana ratsawa, sanyi ƙalau. Na tuna yayyafin ranar da aka kawo buhunan, na tuna ledar. Ƙila danshi ya shiga tun a hanya ya yi zafi a ciki. Ƙila kuma sanyin reno ne, ko hannun wanda ya jiƙa. Ban sani ba, kuma ba zan ɗora wa wani abin da ban gani ba, tunda na ɗanɗana.

Addu'ata ba ta da tsawo. Nakan ce, Ubangiji, kai kana cikin ɗakin nan duk watannin nan. Ka ga hannuna. Ka duba ni ciki da waje, in akwai abin da na yi ban sani ba ka nuna mini, zan je zauren in faɗa da bakina. In kuwa babu, kai ka faɗa musu, ni maganata ba ta da nauyi a wurinsu. Wata rana in faɗa da natsuwa, wata rana da kuka. Akwai ranar da na ce masa, saboda maganarka fa nake zaune ni kaɗai, kai kuma ka yi shiru. Ban ji tsoron faɗa masa haka ba, don ba ni da wani da zan faɗa wa.

Na yi ta jiran abin da zai faru. Ina tsammanin wata rana za a ji wani ya fito ya ce shi ma irinsa ya ƙi, ko ƙanin Malam ya tuna wani abu. Ba abin da ya faru. Gonar Malam ma ta yi kyau a shekarar da dashen roƙon nan. Na gode wa Allah dominsa, da gaske na gode. Sai dai da ya cika rumbunsa kowa ya manta da maganar, aka bar ta a kaina yadda take.

'Yata ta kira ni daga Kano. "Mama, ki kulle gidan nan ki taho. Me kike tsaro a can?"

"In na tafi an ce gudu na yi."

"To ki bari su ce. Su waye?"

"Mutanen da na zauna da su tun kafin a haife ki."

"Taurin kanki fa, Mama, a sanyi-sanyi kike yin sa, shi ya sa ba a ganewa."

Na yi dariya, na ce ta gaida maigidanta.

Damina biyu ta wuce. Ni da Yaya sai a gidan ta'aziyya, mu gaisa kamar waɗanda suka taɓa haɗuwa a mota. Sai wata safiya na ji a-daidaita ta tsaya a ƙofata. Yaya ce, da buhuna suna ɗigar ruwa. Autarta za ta aurar, yarinyar da na sha goyawa.

"Wadda nake kai wa ta ƙona mini ta baya," ta ce, ba ta kalle ni ba. "Shinkafar biki ce, ba na son karyayya. Na jiƙo ta a gida, don in rage miki aiki."

Na gane. Ta jiƙo ta ne don kada ta kwana a gidana. Na ce to, Allah ya sa alheri, na hura wuta.

"Zan ɗan zauna," ta ce. "Ƙafata ke ciwo."

Na kawo mata kujera da ruwa. Ta ajiye kujerar inda take ganin duro da tampol gaba ɗaya. Tun da na fara sana'ar nan ba a taɓa zama a kaina ba, sai ranar, kuma wadda ta yi mini wankan jego ce ta zauna. Idona ya cika, na ce hayaƙi ne. Na zuba, na rufe, na jira ɓawo ya buɗe, na kwashe na baza, idonta yana bin kowane kwano. Muka yi maganar tsadar atamfa, da dangin ango, mutanen Kirikasamma ne, masunta. Da na hau juyi ta ce, "Har yanzu kamar agwagwa kike tafiya a kan shanya." Na ce ita ma har yanzu bakinta bai tsufa ba. Ta kusa yin dariya.

Da aka kira azahar na kawo mata buta da tabarma. Ta duba su, ta duba shanyar, ta miƙe tana gyara mayafi.

"Bari in je gida in yi. Zan leƙa mai ɗinki."

Na ɗauka yanzu za ta dawo. La'asar ta yi ba ta zo ba. Na yi ta juyi ni kaɗai, ina korar kaji da tattabaru. Sai da rana ta yi ja ta shigo.

"Ba ta bushe ba, Yaya," na ce. "Tana son ranar gobe. In tattara miki ki tafi da ita ki ƙarasa a gida?"

Ta sunkuya ta ɗebi kaɗan, ta murza a tafin hannu, ta ciji ƙwaya ɗaya. Ta daɗe tana kallon shanyar.

"Ina zan shanya, gida cike da 'yan biki? Ta kwana."

Ta kai bakin ƙofa ta tsaya kamar za ta ƙara wani abu. Na jira. Sai ta ce in tuna in rufe saboda raɓa, ta fita.

Ba ta ce ba ni ba ce. Malam bai janye yafiyarsa ba, kuma har yau ba wanda ya tsaya a zaure ko a majami'a ya wanke ni. Ban sani ba ko yarda ce ta sa ta bar shinkafar, ko gidan ne da gaske ba wuri. Na gaya wa Ubangiji na gode da wannan, kuma ina nan ina jiran sauran. Sannan na ja bakin tampol na tara shinkafar a tsakiya, na rufe ta, na danne gefe-gefe da duwatsu.